Sunan da Rakiya Ta Haɗiye

Duk wanda ya taɓa sayen ƙuli-ƙuli a Nariya ya san hannun Rakiya, ko da bai san fuskarta ba. Nata ne siririn nan mai ƙaras-ƙaras a baki, wanda ba ya ɗaci ko ya kwana a aljihu. 'Yar Yalwa ce ta ƙasar Rano, mahaifinta malamin allo. Abu biyu ta ɗauko daga gidansu ta zo da su gidan miji, matsar man gyaɗa da kunya. Na farkon ya ciyar da ita. Na biyun kuwa saura ƙiris ya cinye mata ɗa.

Mijinta Alu manomi ne marar hayaniya. Da damina yana gona, da rani yana Kano yana tuƙa Adaidaita-sahun wani. Gidan na gado ne, ɗakin mahaifiyarsa Iya yana kallon ɗakin Rakiya, tsakar gida ɗaya, murhu ɗaya. A nan Rakiya ta haifi ɗanta na fari, aka raɗa masa suna Habibullahi.

Ɗan fari kuwa an san yadda ake yi da shi. Uwa ba ta kiran sunansa. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, in ya faɗi a gaban surukarta sai ta kau da kai kamar ba ta gani ba. In an tambaye ta lafiyarsa ta sunkuyar da kai, wata ta amsa mata. Da an yaye shi kuma kaka ta ɗauke abinta. Ba ƙiyayya ba ce, tarbiyya ce, kuma Rakiya 'yar gidan malamai ta riƙe ta gam har ana ba amare misali da ita. "Yaron nan" take ce masa, in ta matsu ta ce "kai".

Iya ce ta fara faɗa a fili cewa yaron ba kamar sauran yara yake ba. Ba ya kallon idon mutum. Sa'o'insa suka buɗe baki suna surutu, shi shiru. Sai ya wuni yana jera ɓawon gyaɗa a layi tun daga bakin murhu har ƙofar zaure, wanda ya taka masa guda ɗaya kuwa ya jawo wa gidan ihu har la'asar. In injin markaɗe ya tashi a maƙwabta ya toshe kunnuwa ya shige bayan randa. Tuwo in miya ta taɓa shi ya haramta gare shi. Sai kuma ruwa. Ko a kwano ya ga ruwa sai ya tsoma hannu yana bubbugawa, yana dariyar da ba ya yi wa kowa.

Wannan son ruwan shi ya ba 'yan gari abin faɗa. Suka ce ɗan ruwa ne, aljanu ne suka musanya shi tun yana jariri. Wani ƙanen kakansa, Ramalan, har gida ya zo, ya zauna a tabarmar Iya, ya sha furarta, sannan ya kawo shawarar a kai yaron bakin rafi a ajiye a juya baya, in nasu ne su karɓi abinsu. Iya ta miƙe. Muciya ta ɗauka, tsohon ya fita da takalmi ɗaya, ɗayan sai aike aka yi aka kai masa. Mahaifin Rakiya ya aiko da rubutu daga Yalwa, ya haɗa da saƙon cewa a sha da niyyar samun sauƙi, amma a nemi likita.

A duk duniya murya ɗaya yaron yake amsawa. Iya takan tsaya a bakin ɗakinta ta ja sunan, ta ɗaga shi sama ta sauke kamar mai tallar fura: "Habiiibullahi, mijin Iya!" Duk inda yake sai ya saki abin da ke hannunsa ya taho, ya kama bakin mayafinta ya dunƙule a hannu. Da wannan bakin mayafin yake zuwa ko'ina, da shi yake barci. Kowa ya gwada kiran, babu wanda ya dace. Ubansa ma ba ya faɗar sunan, balle a ce ya gwada.

Mutane suka ɗauka Rakiya ba ruwanta. Ita kuwa daga bakin kaskon suya babu motsin yaron da yake wuce ta. Ita take zuba masa tuwo a kwano daban, miya a wani. Ita take ware masa ɓawon gyaɗa masu kyau ta zube a inda zai gani, kamar mantuwa ta yi. Ta san ranar da ya fara tafiya, ta san kukan yunwarsa da kukan tsoronsa. Ta kuma san abin da ba wanda yake son faɗa: Iya ta tsufa. Ƙafafunta sun kumbura, jiri yana ɗibarta in ta miƙe, kiran nan ma ya fara gajarta. Ranar da muryar nan ta ɗauke, wa zai kira yaron ya juyo? Wannan tambayar ita take hana Rakiya sakat.

Ana nan wani rani aka yi shela a masallaci cewa ma'aikatan lafiya na wata ƙungiya za su zo Kibiya su duba tsofaffi da yara masu lalura. Rakiya ta ji kamar don gidansu aka yi shelar. Alu yana Kano, don haka ta nemo mai keke, ta sa Iya a tsakiya, yaron yana riƙe da mayafi, yayar Alu mai suna Tani ta rako su. Rabin matan Nariya suna can.

Farar mota, fararen riguna, rumfa da kujeru. Wani mai ƙaton lasifika ya tsaya yana raba mutane kamar mai raba awaki da tumaki: tsofaffi gindin darbejiya, yara da iyayensu mata cikin ɗaki. Iya ta ce, "Ɗan nan, tare muke da wannan." Ya ce, "Mama, layinku daban, nasu daban." Ya sa hannu ya ɓamɓare yatsun yaron daga mayafin. Wai shi ya yi aiki.

Abin da ya biyo baya duk wanda ya san yaron zai iya faɗa. Habibullahi ya ƙwalla ihu, ya shige ƙarƙashin teburi yana buga kansa da ƙafar teburin. Ɗakin cike da matan garinsu, ga Tani a tsaye a gefe. Wata matashiyar ma'aikaciya mai farin gilashi ta dubi Rakiya.

"Yaya sunansa?"

Rakiya ta sunkuyar da kai. Tani ta ce, "Habibullahi."

"Yaushe ya fara tafiya? Me yake ci? Yana juyowa in an kira shi? Me yake tayar masa da hankali?"

Kowace amsa tana kan harshen Rakiya. Amma idon yayar miji yana kanta, idon mata yana kanta, shekarun tarbiyyar Yalwa suka zauna mata a ƙirji kamar dutsen niƙa. Da ƙyar ta ce, "Don Allah a kira Iya."

Tani ta ƙara da cewa, "Ɗan fari ne, ba za ta faɗa ba. Kakarsa ce take riƙonsa, ga ta can a waje."

"Layin tsofaffi daban ne. Uwa muke tambaya." Ma'aikaciyar ta leƙa ƙarƙashin teburi, ta ɗago. "Da alama galahanga ce. Lalura ce ta ƙwaƙwalwa da ake haihuwar yaro da ita, ba aljanu ba ne. Sai ku kai shi Kano. Amma ke baiwar Allah, ɗanki ne kuwa? Wace irin uwa ce ba ta san abin da ɗanta yake ci ba?"

Wallahi abin da ciwo. Da baƙuwa ce daga wata ƙasa sai a yi mata uzuri. Bahaushiya ce, da Hausar Kano a bakinta, mai yiwuwa ita ma uwarta ba ta taɓa kiran sunan yayanta ba. Ta san kunyar ɗan fari sarai, sai dai da ta sa farar riga ta ajiye sanin a gida. Tsakanin teburinta da wadda ta san yaron bai fi a leƙa ta taga a yafuto ta ba. Ba wanda ya leƙa.

Ita kuwa Iya tana kan benci marar majingina. Inuwa ta matsa ta bar su a rana, tsofaffi a jere suna lilo, ba wanda ya ce a ja bencin. Tana jin ihun jikanta, ta yunƙura za ta tashi, mai lasifika ya ce in ta bar wurinta ta koma ƙarshen layi. Da aka zo kanta aka ɗaura mata abin awo a dantse, aka ce jininta ya hau sosai, aka ƙulla mata 'yan ƙwayoyi a leda.

"Mama, ki rage gishiri, ki dinga hutawa."

Iya ta ce, "In na huta wa zai riƙe mini miji?"

Suka kwashe da dariya, wai tsohuwar akwai barkwanci. Ita ba wasa take yi ba.

Suka hau keke suka kamo hanyar gida. Goshin yaron ya kumbura, hannunsa ya koma kan mayafi. Rakiya tana jin haushin mai gilashi, tana jin haushin mai lasifika, amma wanda ya fi ci mata rai haushin kanta ne. An tambaye ta ɗanta sau ɗaya a rayuwa, ta tsaya kamar gunki.

Ƙwayoyin suka ƙare. Farar mota ba ta dawo ba, ba wanda ya zo ya ga ko jinin ya sauka. Zuwa Kano kuwa Alu ya ce sai bayan damina, yaron da ba ya shiga mota sai da Iya, Iyar da ba ta iya zaman mota. Ruwan farko bai daɗe da sauka ba Iya ta faɗi a bakin randa da buta a hannu. Aka kai ta asibiti, aka dawo da ita ɓarin jikinta na dama ya shanye, baki ya karkace. Idonta garau, hankalinta garau, amma magana ta tafi.

Daga nan kaskon ƙuli-ƙuli ya kife. Rakiya ce wanka, ita ce wankin zannuwa, ita ce ɗura kunu da cokali rabi yana zubowa ta gefen baki. An sallame su ba a nuna mata yadda ake juya mai jinya ba, sai da gyambo ya fito a bayan tsohuwar sannan wata maƙwabciya ta gaya mata. Alu yana dawowa daga gona ya tsuguna a bakin ƙofa ya ce, "Sannu Iya," ya share hawaye ya fita. Shi kuwa yaron yana zaune a gefen katifa, bakin mayafi a dunƙule a hannunsa, yana kallon bakin kakarsa yana jira. Wani lokaci Iya takan yunƙura, leɓenta ya yi rawa, iska kawai ta fito.

Wata ranar Juma'a da hantsi, tsakiyar damina, 'yan dubiya suka cika gidan. Tani ta zo da ayarin mata, sallama kan sallama, jariri yana tsala kuka, wata tana ba da labarin maganin da aka yi wa kakarta da ƙarfi kamar a kasuwa. Sun tattake layin ɓawon gyaɗa tun daga zaure. Rakiya tana can tana dama musu fura, don baƙo ko ya zo kashe ka sai ka ba shi ruwa. Sai ta ji ƙarar kwanon sha ya faɗi. Ta leƙa. Iya ce ta ture shi da hannunta mai lafiya, tana bubbuga katifa, idonta a waje. Bakin mayafin yana yashe a ƙasa, ba kowa a jikinsa.

Rakiya ba ta tambayi kowa ba. Ta san inda ya tafi. Bayan gari akwai kududdufin da ake haƙar ƙasar gini, da damina ya cika ya batse, bakinsa ba zurfi, tsakiyarsa kuwa ya shanye ƙaton namiji. Ta fita a guje ba mayafi ba takalmi, matan suka biyo ta. Maza duk suna gona.

Yana ciki. Ruwa ya kai masa ƙugu, yana bubbuga shi da tafin hannu, yana dariyar nan tasa, yana ƙara gaba. Rakiya ba ta iya ruwa ba, kuma ta san in ta kama shi ta baya fizgewa zai yi ya faɗa gaba.

"Kai! Kai yaro! Fito!"

Ko gezau. Tani ta kira, "Habibu! Habibu!" Wasu suka ce, "Ɗan Iya!" Hayaniyar ma ƙara tura shi take yi. Ruwa ya kai ƙirji.

Sai wata daga baya, cikin muryar tausayi har da salati, ta ce, "Allah sarki. Dama an faɗa ɗan ruwa ne. Gida zai koma."

Wannan maganar ce ta tsinka igiyar. Rakiya ta juya ta daka musu tsawa su yi shiru, suka yi, don ba wanda ya taɓa jin ta ɗaga murya. Ta shiga ruwan har gwiwa. Ta buɗe baki, sunan ya fito a shaƙe kamar ba da Hausa ba, ita kanta ba ta ji shi ba. Ta tuno yadda Iya take ɗaga shi sama ta sauke, kiran da ta yi shekaru tana ji daga bakin kasko tana maimaitawa a zuci.

"Habiiibullahi, mijin Iya!"

Hannuwansa suka tsaya a sama. Ya juyo. Ya fara takowa, ruwa yana sauka daga ƙirji zuwa ƙugu, zuwa gwiwa. Rakiya ta miƙa hannu biyu. Bai ko dube ta ba. Bayanta yake leƙawa, yana neman mai muryar. Ya raɓa ta gefenta ya wuce, ya ratsa matan, ya nufi gida da sauri, rigarsa tana ɗiga. Ita ta haife shi, ita ta kira shi, amma wata ya tafi nema. Ta tsaya a cikin ruwan ta yi kukan da ba ta yi ba ranar haihuwarsa.

A hanya Tani ta matso ta rage murya. "Rakiya, a gaban mutane haka? Da kin bari mun ci gaba da kira."

Rakiya ta tsaya cak. "Yaya Tani, kun kira, ya juyo? Na yi shiru a Kibiya, me shirun ya saya masa? Habibullahi sunansa. Habibullahi! Ni na haife shi. Wadda kunnenta ba zai ɗauka ba ta toshe." Ta wuce ta bar su a tsaye.

Ta same shi a gefen katifa, jiƙe sharkaf, mayafin a hannunsa. A nan gabanta ya faɗi, don duk matan duniya ba su kai Iya nauyi a idonta ba, kuma ta san kiran ya iso har ɗakin. Ta durƙusa ta sunkuyar da kai. Iya ta daɗe tana kallonta. Sannan ta miƙa hannun hagu, ta ɓamɓare yatsun yaron daga mayafinta a hankali, ta jawo bakin zanen Rakiya ta cusa masa. Ya saki ya koma mayafi. Ta sake. Ya sake saki. Tsohuwar ba ta gaji ba, ranar da washegari da duk kwanakin da suka rage mata, aikinta ke nan da hannu ɗaya. Rakiya kuma kullum ta tsaya a bakin ɗakin Iya ta ja sunan, mai jin haushi ya ji.

Bayan girbi Iya ta rasu. Ranar da aka fita da ita, Habibullahi yana tsaye a tsakar gida da bakin zanen uwarsa a dunƙule a hannu.

Da rani ya zagayo aka sake shela, farar mota ta dawo Kibiya. Rumfar nan, bencin nan, tsofaffi a gindin darbejiya inuwa tana guduwa tana barinsu. Rakiya ta je da yaron. Da mai lasifika ya kawo hannu ta ce, "Kada ka taɓa shi," da muryar da ta sa ya janye. Ta shiga ɗakin, ta tarar da wata ma'aikaciyar daban. Ba ta jira tambaya ba. Ta faɗi sunansa cikakke, ta faɗi lokacin da ya fara tafiya, abin da yake ci da wanda ba ya ci, ƙarar da take firgita shi, ɓawon gyaɗa, ruwa, kiran da yake amsawa. Matan Nariya suna ji, ko a jikinta.

Ma'aikaciyar ta yaba ƙwarai. Sannan ta girgiza kai ta ce, "Kash. Ai da kin kawo shi tun da wuri, da an fi samun abin yi."

Rakiya ta dube ta har sai da matar ta sauke ido.

"Na kawo shi. Har wadda ta fi kowa saninsa na kawo muku, kuka zaunar da ita a rana. Ga irinta can a kan benci, ku aika a tambaye su wa suka bari a gida."

Yaron ya fara jan zanenta, hayaniyar waje ta ishe shi. Ta sunkuya daidai kunnensa.

"Habibullahi, mu tafi gida."

Ya bi ta.